Yawon Ƙafa a Karkarar Skipton ba Tare da Mota ba: Tambayoyi da Amsoshi

Skipton ƙaramin gari ne na kasuwa a Yorkshire ta Arewa da ke Ingila, yana zaune a bakin kwaruruka da tsaunukan da ake kira Yorkshire Dales, waɗanda hukuma ta keɓe a matsayin gandun shaƙatawa na ƙasa tun shekarar 1954. Da yawa daga cikin mutanenmu da ke karatu ko aiki a Leeds da Bradford suna jin labarin wannan yanki, amma suna ɗaukar cewa wuri ne na masu mota kawai, har mutum ya gama shekarunsa ya tafi bai taɓa taka ƙafarsa a can ba. Wannan abin takaici ne, domin jirgin ƙasa da bas suna kai mutum har gindin mafi yawan wuraren da ake magana a kansu. Amsoshin da ke ƙasa na wanda ba shi da mota ne, kuma yana son ya fita da safe ya kwana a gidansa.

Me ya sa aka ɗauki Skipton a matsayin mafari?

Garin kasuwa dama mahaɗar hanyoyi ne, tun da manoma daga kowane kwari dole su sami yadda za su kawo kayansu. Sarki John ne ya ba Skipton izinin cin kasuwa a 1204, kuma har yau ana kafa rumfuna a babban titin garin ranakun Litinin, Laraba, Juma'a da Asabar. Sunan garin ma daga tsohon Turanci yake, ma'anarsa garin tumaki. Hanyoyin da a da ake koro dabbobi ta kansu su ne yau motocin bas suke bi zuwa ƙauyuka.

Daga Leeds jirgi yana isa Skipton cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, kuma ana samunsa a kai a kai tun daga safiya har dare. Haka ma daga Bradford. Bayan Skipton layin dogo ya rabu gida biyu, ɗaya ya nufi Carlisle ta Settle, ɗaya ya nufi Lancaster da Morecambe. Daga tashar jirgi zuwa tashar bas tafiyar kimanin minti goma ce a ƙafa.

Da gaske ne doka ta yarda mutum ya ratsa ta cikin gonar wani?

Gaskiya ne, amma da iyaka, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin baƙo yakan ji nauyin buɗe ƙyauren makiyayar da ba tasa ba. A Ingila da Wales akwai hanyoyin jama'a da tsawonsu ya kai kimanin mil 140,000, waɗanda suka ratsa gonaki da makiyaya, wani lokaci ma har ta tsakiyar harabar gidan gona. Ƙasar ta mai ita ce, amma haƙƙin wucewa na kowa ne, kuma mai gona ba shi da ikon toshe hanyar ko korar mai bin ta. Idan ya yi huɗa ya bi ta kanta, doka ta ba shi kwana 14 ya gyara ta yadda za a iya takawa. Abin da haƙƙin ya ƙunsa shi ne wucewa, da ɗan tsayawa a huta ko a ci guzuri a bakin hanya. Bai ƙunshi yawo ko'ina cikin gonar ba.

Akwai kuma haƙƙi na biyu, wanda ya zo da dokar karkara ta shekarar 2000. Ita ce ta buɗe manyan tuddai da dazuzzukan da ba a nomawa, inda mutum zai iya barin hanya ya bi duk inda ya ga dama a ƙafa. Ba a hawan keke, ba a hura wuta, ba a kafa tanti, kuma mai ƙasar yana da damar rufe wurin na kwanaki 28 a shekara.

Wannan haƙƙi ba daga sama ya faɗo ba. A watan Afrilun 1932 wasu ma'aikata daga Manchester da kewayenta suka hau tudun Kinder Scout da gangan, alhali an hana talaka hawansa saboda masu farautar tsuntsaye, aka kama wasu, aka ɗaure biyar. Bayan shekaru 17, a 1949, aka yi dokar da ta kafa gandayen shaƙatawa na ƙasa. Ina ganin duk wanda ya san wannan tarihi zai buɗe ƙyauren da ƙwarin gwiwa, zai kuma mayar da shi da ladabi.

Yaya ake gane hanya?

A bakin titi akan kafa gungume mai allo da ke nuna inda hanya ta fara, sau da yawa har da sunan ƙauyen da ta nufa da yawan mil. Daga nan sai a riƙa bin ƙananan kibiyoyi da aka liƙa a jikin ƙyaure ko katanga. Kibiya mai ruwan ɗorawa hanyar ƙafa ce zalla. Shuɗiya tana nufin masu doki da masu keke ma suna da haƙƙi, ja kuwa har mota tana iya bi. Inda aka ga hoton ƙwallon itacen oak, to ana kan ɗaya daga cikin dogayen hanyoyin ƙasa ne, kamar Pennine Way.

Yankin cike yake da katangun dutse da aka jera ba tare da siminti ba, wasu sun haura shekara 200 a tsaye. Ba a tsallake su sai ta wurin da aka tanada, wato ko dai matakalar katako, ko duwatsu masu faɗi da aka bari sun fito daga jikin katangar, ko wata 'yar kafa da mutum ke kutsawa a kaikaice amma tunkiya ba ta iyawa. Wanda ya isa katanga bai ga ɗaya daga cikin waɗannan ba, ya san ya kauce hanya, kuma komawa baya ya fi hawan katangar, domin dutse ɗaya in ya zame sauran suna biyo shi.

Ban taɓa irin wannan tafiya ba. Daga ina ya kamata in fara?

Daga bakin hanyar ruwa ta Leeds da Liverpool, wadda mutane suka haƙa da hannu don jigilar gawayi da farar ƙasa da ulu. Tsawonta mil 127 ne, an gama ta a 1816, kuma ɓangaren da ya iso Skipton an buɗe shi tun 1773. A gefenta akwai turbar da dawaki suke bi a da suna jan jiragen kaya, ita ce yanzu ta zama hanyar masu tafiya. Daga Skipton zuwa ƙauyen Gargrave bai wuce mil 5 ba, babu hawa babu gangara, kuma ɓata ba ta yiwuwa tun da ruwa yana gefenka har ka isa. A Gargrave ne ake fara ganin ƙofofin ruwa da ake ɗaga jirgin ruwa da su zuwa tudu: jirgi ya shiga wani ɗan akurki, a rufe ƙofar baya, a murɗa ƙarfe ruwa ya ɓulɓulo ta ƙasa, sai ka ga jirgin da ke can ƙasa yana tasowa a hankali har matuƙinsa ya zo daidai da kai, sannan a jingina baya da wani dogon gungume a tura ƙofar gaba ta buɗe. Daga Gargrave jirgin ƙasa yana mayar da mutum Skipton cikin 'yan mintoci.

Wanda ke da awa ɗaya kawai zai iya shiga kurmin da ke bayan tsohuwar fadar Skipton, wadda aka fara ginawa wajen 1090. Ƙofar kurmin a cikin gari take.

Yaya ake zuwa Malham?

Malham shi ne wurin da kowa ke tambaya, kuma ya cancanta. Kusa da ƙauyen akwai wani bangon dutse fari mai lanƙwasa kamar baka, tsayinsa kimanin mita 80, wanda ruwan narkakkiyar ƙanƙara ya sassaƙa dubban shekaru da suka wuce. Ana hawa ta gefensa a kan matakala kusan 400, a sama kuma sai a tarar da shimfiɗar dutse da ta tsattsage gida-gida, da ramuka masu zurfi a tsakani inda ganyaye ke tsirowa a ɓoye daga iska da bakin tumaki. Dutsen yana da santsi ƙwarai idan ya jiƙe, kuma babu shinge a bakin gangaren. Ta ɗaya gefen ƙauyen akwai Janet's Foss, ƙaramin ruwa mai zubowa cikin kurmi, da Gordale Scar, wani matsattsen kwari da duwatsu suka yi masa rumfa. Zagaya ukun nan bai wuce mil 5 ba. Wanda ya ƙara da tabkin Malham Tarn zai yi sama da 7.

Bas yana zuwa Malham daga Skipton, sai dai ba shi da yawa, kuma jadawalin ranakun aiki daban yake da na Asabar, na Lahadi kuma daban. Saboda haka na fi ba da shawarar a sauka daga jirgi a Gargrave a bi Pennine Way zuwa Malham, tafiyar mil 6 da ɗoriya wadda rabinta na ƙarshe yake bin bakin kogin Aire, sannan a dawo a bas. Ko kuma a juya tsarin, a tafi a bas a dawo a ƙafa, wanda shi ya fi kwanciyar hankali saboda dalilin da zan faɗa a gaba. Ita Pennine Way an buɗe ta a 1965, tsawonta mil 268 daga Edale har Kirk Yetholm a cikin Sikotland.

Waɗanne tashoshi ne a layin Settle da Carlisle suka dace da mai tafiyar ƙafa?

Kusan dukkansu, domin layin ya ratsa ta kan tsaunuka ne, inda mai mota ma sai ya sha wuya. An buɗe shi ga fasinjoji a 1876, an so a rufe shi a shekarun 1980, jama'a suka tashi tsaye, gwamnati ta janye a 1989.

Settle ma garin kasuwa ne, tasa tana ci ranar Talata, kuma daga tsakiyar garin hanya ta haura tudu ta sauka Malham cikin kimanin mil 6. Tasha ta gaba ita ce Horton-in-Ribblesdale, a gindin dutsen Pen-y-ghent mai tsayin mita 694. Hawansa da saukowa ta wata hanyar daban kimanin mil 6 ne, sai dai dab da ƙololuwa akwai inda dole a sa hannu a kama dutse, don haka ba wurin da za a fara koyo ba ne ranar da ake iska.

Ribblehead kuwa tasha ce a tsakiyar fili, ba gari a kusa. Da ka sauka za ka hangi doguwar gadar jirgin ƙasa mai baka 24, tsawonta mita 400, tsayinta ya haura mita 30. Dubban leburori ne suka gina ta da sauran layin a farkon shekarun 1870, suna zaune da iyalansu a bukkoki a wannan fili mai sanyi, kuma da yawa sun mutu ta hanyar haɗari da cutar agana. An binne su a ƙaramar majami'ar Chapel-le-Dale. Idan mutum ya tsaya a ƙarƙashin baka ɗaya ya ɗaga kai, ya ga girman kowane dutse, ya tuna da leburorin da suka ɗora shi, zai fahimci abin da aka biya kafin shi ya zo nan a zaune a kujera. Daga gindin gadar ake hawan dutsen Whernside, mafi tsayi a yankin, mita 736, zagayen kimanin mil 8.

Akwai masu haɗa Pen-y-ghent da Whernside da Ingleborough a rana ɗaya, mil 24 cikin awa 12. Ba na ba mai dogaro da jirgi shawarar ya gwada wannan sai in ya nemi masauki a Horton, domin wanda ke gudun kada jirgi ya bar shi ga gajiya ga duhu, shi ne ke yin kuskure a gangara.

Akwai hanyar bakin kogi mai sauƙi da bas ke kaiwa?

Akwai. Bas mai lamba 72 yana tashi daga Skipton zuwa Grassington, kuma yana cikin waɗanda suka fi yawan zirga-zirga a yankin. Daga Grassington a gangara Linton, inda kogin Wharfe ke zubowa ta kan duwatsu, a bi doguwar hanyar ƙafa ta Dales Way zuwa ƙauyen Burnsall, kimanin mil 3, a dawo ta ɗaya gaɓar ko ta ƙauyen Hebden. Wanda ke da ƙarfi zai iya zarcewa har Bolton Abbey, inda kangon wani gidan ibada na ƙarni na 12 yake tsaye a bakin ruwa, amma kada ya yi haka sai ya tabbatar akwai abin hawa a can a ranar, don bas ɗin wajen ba kullum ba ne.

Gargaɗi ɗaya ya zama dole a nan. Tsakanin Barden da Bolton Abbey akwai wurin da ake kira Strid, inda kogin gaba ɗaya ya matse ya zama kamar taku biyu, har mutum ya ga kamar zai iya tsallakewa. Ruwan yana da zurfi, ya rarake ƙarƙashin duwatsun, duwatsun kuma suna da gansakuka, kuma mutane sun rasa rayukansu a wurin. A kalla daga nesa, a riƙe hannun yara.

Yaya ake tsara lokaci don kada abin hawa ya bar mutum?

Wannan shi ne ƙashin bayan dukkan maganar. Mai mota yana tsara tafiyarsa daga lokacin fita, amma wanda ba shi da mota daga lokacin dawowa yake farawa. Kafin a zaɓi dutse ko kogi, a fara duba ƙarfe nawa abin hawa na ƙarshe yake barin wurin da za a ƙare, sannan a ɗauki wanda ke gabansa a matsayin wanda ake nufi, na ƙarshen ya zama ajiya. Daga wannan lokaci sai a ƙirgo baya.

Don ƙiyasta tsawon tafiya akwai wani tsohon ma'auni da wani mai hawan dutse ɗan Sikotland, William Naismith, ya tsara a 1892: awa ɗaya ga kowane mil 3, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Ma'aunin na ƙaƙƙarfan mutum ne da ba ya tsayawa, don haka sabon shiga ya ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin uku, ban da lokacin cin abinci da salla da ɗaukar hoto. Taɓo da yawan katangun tsallakewa suna cin lokaci fiye da yadda ake zato, musamman in ana da yawa, kowa sai ya jira na gabansa ya sauka.

Ƙa'ida ta biyu ita ce a hau abin hawan da ya fi wuyar samu da safe, a taka zuwa inda abin hawa ya fi yawa. Wato a tafi ƙauye a bas, a ƙare a tashar jirgi ko a Skipton kanta. Na koyi wannan ne wata rana a ƙarshen Oktoba, da na sauko wani ƙauye da la'asar na tsaya a bakin titi ina jiran bas da na gani a wata takarda da na ajiye tun watan Yuli. Da na haska allon da ke jikin sandar tashar na karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, sai na ga bas ɗin ya daina zuwa tun makonni da suka wuce, sai kuma baɗi. Waya ba ta kama sabis, rana tana faɗuwa, ƙafata a jiƙe. Sai da na yi kusan awa biyu ina bin gefen kwalta da tocila, ina matsawa jikin katanga duk lokacin da fitilar mota ta ɓullo, kafin na isa tashar jirgi. Tun daga ranar ba na fita sai na duba jadawalin a daren da zan tafi, na kuma ɗauki hotonsa a waya.

Rashin mota yana da ribarsa, kuma babba ce. Mai mota dole ya zagayo inda ya ajiye ta, kai kuwa kana iya tashi daga kwari ɗaya ka haye tudu ka sauka wani kwarin, ba ka taka wuri ɗaya sau biyu ba.

Ranar Lahadi fa?

Jirage sun fi ƙaranci, kuma a ranar ce aka fi gyaran layin dogo, inda akan maye jirgi da bas mai ɗaukar lokaci. A gefe guda kuma, akwai tsarin motoci da ake kira DalesBus, wanda yake ƙara yawan bas zuwa ƙauyuka ranakun Lahadi da ranakun hutu, musamman daga wajen Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba. Wasu wuraren ma sai ranar Lahadi ta wannan lokaci ake iya zuwansu ba mota.

Nawa ake kashewa, kuma yaya ake biya?

Hanyoyin kansu kyauta ne, ba a biyan ko kwabo don shiga gandun. A farkon 2025 gwamnati ta ƙayyade kuɗin tafiya ɗaya a mafi yawan motocin bas na Ingila kada ya wuce fam 3, kuma ana biya da kati a wurin direba, ko da yake riƙe 'yan tsabar kuɗi yana da amfani a ƙananan motoci. A jirgi, tikitin zuwa da dawowa na bayan cunkoson safe ya fi araha, kuma katin rangwame na matasa da ɗalibai yana rage kashi ɗaya cikin uku. Wanda zai sauka a wata tasha ya dawo daga wata, ya sayi na wadda ta fi nisa. A karkara bas ba ya tsayawa sai an miƙa masa hannu, kuma tsayuwa a gefen da ya dace na titi wajibi ne, tun da a wasu ƙauyuka gefe ɗaya kawai ke da alama.

Tashar da ke ɗauke da sunan ƙauye, a cikin ƙauyen take?

Ba kullum ba. Tashar Dent, wadda ita ce mafi tudu a manyan layukan Ingila, mita 350 sama da teku, tana da nisan kimanin mil 4 daga ƙauyen Dent, kuma komawa gare ta hawa ne mai tsanani. Tashar Clapham ta fi mil ɗaya daga ƙauyenta. Tashar jirgin tururi na 'yan yawon buɗe ido da ke Bolton Abbey ma akwai tafiya tsakaninta da kangon. A saka wannan nisa cikin lissafi.

Wane kaya ya zama dole?

Takalmi mai ƙwarin tafi da ba ya shan ruwa, da rigar ruwa mai hula, ko da an wayi gari rana tana haske. Iska ce ta fi ruwa illa a kan tudu, don haka laima ba ta da amfani. Riguna marasa nauyi biyu ko uku da za a iya cirewa a mayar sun fi babbar riga ɗaya, kuma a guji wandon jins da rigar auduga a jikin fata, domin in sun jiƙe ba sa bushewa, sai su riƙa janye zafin jiki. Duk hawan mita 150 zafi yana raguwa da kimanin digiri ɗaya, ga iska a kai, saboda haka wanda ya bar Skipton yana gumi zai iya isa saman Whernside yatsunsa sun ƙage. A saka ruwan sha, da abinci fiye da yadda ake jin za a ci, da tocila, da usur, da safa ta canji don komawa gida.

Taswirar waya ba ta isa ba?

Taswirar da ake bin titi da ita a gari ba ta nuna yawancin hanyoyin nan. Wadda ake buƙata ita ce ta hukumar safiyo ta Birtaniya, Ordnance Survey, mai lamba OL2, inda santimita 4 ke daidai da kilomita ɗaya. Tana nuna kowace katanga, hanyoyin jama'a da ɗigon kore, filayen da aka buɗe kuma da launi na daban. Ana iya sauke ta a waya tun daga gida, amma sanyi yana cinye batir da sauri, allo kuma ba ya jin yatsa in ya jiƙe, shi ya sa ta takarda da kamfas ba su tsufa ba. Hazo yana iya rufe tudu cikin 'yan mintoci har mutum ya kasa ganin abokin tafiyarsa, kuma a irin wannan hali katangar da aka gane a taswira ita ce jagora.

Me ake yi in an haɗu da shanu ko tumaki?

Tumaki gudu suke yi, abin da ake nema kawai kada a firgita su, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin haihuwa. Ɗan tunkiya da aka gani shi kaɗai ba ɓata ya yi ba, uwarsa tana kusa, kada a ɗauke shi. Shanu ne ke buƙatar hattara, musamman saniya mai ɗan maraƙi. Kada a shiga tsakaninta da ɗanta, a ba garken fili ko da za a ɗan kauce hanya, a yi tafiya a natse ba gudu. Mai kare ya riƙe shi da gajeriyar igiya, wanda a buɗaɗɗun filaye doka ce daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa, amma in shanu suka taso masa, ya saki igiyar, don karen ya fi shi gudu kuma shi suke nufi.

Ƙyaure a bar shi yadda aka same shi, rufaffe a rufe, buɗaɗɗe a buɗe, tun da mai gona yakan bar shi a buɗe don dabbobi su kai ga ruwa. A watannin Yuni da Yuli, inda hanya ta ratsa filin ciyawar da za a yanka a adana don hunturu, a bi layi ɗaya ɗaya. Bayan an dawo gida a duba jiki saboda kaska, wadda cizonta kan jawo ciwon da ake kira Laim.

Akwai wurin salla da ban ɗaki a hanya?

Manyan ƙauyuka kamar Malham da Grassington da Horton suna da ban ɗakin jama'a, amma a kan tudu babu komai. Yin alwala kafin a fita ya fi sauƙi, da riƙe 'yar shimfiɗa da ba ta shan ruwa, kuma gindin katanga ta gefen da iska ba ta bugawa wuri ne mai kyau, muddin ba a tare hanya ba. A hunturu azahar da la'asar da magariba suna zuwa kusa da juna, don haka a saka su cikin lissafin lokaci tun daga gida.

In haɗari ya faru fa?

A kira 999 ko 112, a nemi 'yan sanda, sannan a ce ana buƙatar masu ceto a kan dutse. A faɗi inda ake da lambar da ke kan taswira, da yawan mutane, da irin raunin. Za a iya yi wa layin waya rajista tun a gida ta aika saƙo zuwa 999, domin inda murya ba ta fita saƙo yakan fita. In babu sabis sam, alamar neman taimako ita ce busa usur ko haska tocila sau shida, a dakata minti ɗaya, a maimaita. Masu zuwa ceton 'yan sa kai ne, ba a biyansu. Ƙungiyar da ke Clapham tun 1935 take wannan aiki, akwai kuma wata a Grassington. Kafin a bar gida a gaya wa wani hanyar da za a bi da jirgin da ake sa ran dawowa a ciki.

Yara da tsofaffi da masu keken guragu suna da rabo?

Suna da shi. Hukumar gandun ta ware wasu hanyoyi da babu tsallaken katanga a cikinsu, kuma hanyar da ta tashi daga ƙauyen Malham zuwa gindin bangon dutse shimfiɗaɗɗiya ce a mafi yawanta, haka ma wadda ta tashi daga titi zuwa gadar Ribblehead. Matsalar takan kasance a ƙananan tashoshi, inda wani lokaci sai an tsallaka layi ko an hau gada kafin a kai ɗaya gefen, saboda haka a nemi taimakon ma'aikatan jirgi tun kafin ranar.

Wane lokaci na shekara ya fi dacewa?

Daga Mayu zuwa Satumba, lokacin da motoci suka fi yawa kuma yini ya fi tsawo. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 da rabi na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, kuma dusar ƙanƙara tana iya kwana a kan tuddai alhali gari a bushe yake. Wanda zai fita a hunturu ya tsaya a bakin hanyar ruwa ko gaɓar kogi, ya hau jirgin farko. Daga 12 ga Agusta ake buɗe farautar tsuntsayen tudu, kuma a wasu ranaku akan rufe filayen Barden da ke arewa da ƙauyen Embsay, kusa da Skipton. Ana liƙa sanarwar ranakun a bakin ƙyauren shiga, kuma ana iya ganinsu a shafin hukumar gandun kafin a sayi tikiti.